Kafin Kayen Asusu Ya Shiga Salula: Abin Da Muka Ce A Rubuta

Ranar da maganar ta zo mana muna zaune a inuwar da muka saba, akwati a tsakiya, masu makullai uku kowace da nata a bakin zane. Jami'ar wani porje ce ta zo daga Gure, tare da wani saurayi mai kwamfuta a jaka. Bayan gaisuwa ta ce suna son ƙungiyoyin asusu na ƙaramar hukumar Gamu su riƙa rubuta lissafinsu a cikin salula, daga nan ya hau intanet, yadda ko kaye ya ƙone ko gara ta cinye shi, lissafi yana nan. Muka ce madalla. Sai saurayin ya buɗe kwamfutarsa ya tambaye mu: me kuke so abin ya riƙa yi muku?

Muka ce ya yi abin da kaye ke yi mana. Ya ce to, me kaye ke yi? Nan fa aka yi tsit. Shekaru muna zubi, muna ba da bashi, muna rabo, amma ba a taɓa zaunar da mu an ce mu faɗi aikin daki-daki ba. Zama uku muka yi kafin mu gama ba shi amsa. Abin da ya fito daga zaman nan uku shi ne muke so mu kawo muku, ƴan'uwa, domin maganar nan in ba ta iso ƙungiyarku bana ba, tana tafe.

Mu fara da tuna inda abin ya samo asali. Tsarin Mata Masu Dubara an fara shi ne a shekarar 1991 a jihar Maraɗi, tare da ƙungiyar CARE, an kuma gina shi a kan adashin da iyayenmu suka sani tun da daɗewa. Daga Nijar ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka har da wajenta. Ƙungiyoyin farko ba su dogara da rubutu ba, don mafi yawan matan ba su yi lakwal ba. A ka ake riƙe lissafi: kowa na zuba abu ɗaya, ana ƙirgawa da ƙarfi a gaban jama'a, a mako mai zuwa kuma a tambayi taro nawa aka bari a akwati. Kaye daga baya ya shigo. Ke nan wannan ba shi ne karon farko da lissafinmu zai yi ƙaura ba. Ya taɓa tashi daga ka ya koma takarda, kuma tsofaffin cikinmu sun ce a lokacin ma an yi asarar wasu abubuwa: da kowa na riƙe da lissafi, da kaye ya zo sai aka sakar wa marubuciya ita kaɗai.

Ba mu ƙi salula ba, kada a fahimce mu a baibai. Mun san ciwon kaye. Wata damina ruwa ya shiga ɗakin marubuciyarmu, shafi huɗu suka manne, sai da aka yi ta rantse-rantse kafin a daidaita bashin mutum biyu. Wata ƙungiya ta maƙwabta kuma, marubuciyarsu aure ya kai ta Damagaram, aka bar su da kaye ba mai iya karanta rubutun hannunta. Ga lissafin rabo na ƙarshen zagaye da ke cin yini guda, wani lokaci har a kira malamin lakwal, namiji, ya ga sirrin kowa. In na'ura za ta ɗauke mana wannan, muna so. Ba mu ne na farko ba ma: akwai manhajoji da aka yi musamman don ƙungiyoyin asusu, kamar Chomoka da CARE ta fara a Tanzaniya, da DreamSave da ake aiki da ita a ƙasashe da dama. Abin da muka gane dai shi ne, mai ɗinki komai gwanintarsa, in ba ki tsaya ya auna ki ba, rigar wata zai ɗinka miki.

Abu na farko da muka warware: me zai ƙaura, lissafi ko kuɗi? Abu biyu ne daban, amma a bakin masu kawo maganar sukan haɗu. Lissafi ya shiga salula, ma'ana an rubuta wa ta zuba, wa ta ci bashi, kuɗin kuma suna nan a akwatinmu. Kuɗi su shiga salula kuwa, ma'ana an kai su wajen wakilin Airtel Money ko Moov Money an mai da su lamba, in ana so a fitar sai an koma wajensa, a biya kuɗin cirewa, kuma sai in yana da tsabar kuɗi a hannu ranar. A Kenya, inda M-Pesa ta fara tun 2007, wakilai sun cika ko'ina. Mu nan, matar da ɗanta ya kwana da zazzaɓi ba za ta jira ranar kasuwar Kazowe ba kafin ta samu kuɗin magani. Don haka muka ce a rubuta a layin farko: lissafi kaɗai zai ƙaura, akwati na nan inda yake. In wata rana muka ga dama muka sa wani kaso a salula saboda tsoron ɓarayi gab da rabo, wannan shawara ce ta daban, za mu zauna a kanta, kuma sai da kamfanin da ke da izinin babban bankin BCEAO.

Sai maganar da ta fi ba mu dariya, ta kuma fi ba mu tsoro: dala. Saurayin ya tambayi nawa ne zubinmu, muka ce hamsin. Ya rubuta 50. Ma'ajiyarmu ta leƙa, ita ta ɗan yi karatun yaƙi da jahilci, ta ce a'a, ba haka ba ne. Hamsin ɗinmu dala hamsin ce, dala ɗaya kuma sefa biyar ce, ke nan 250 zai rubuta. Shi ma fa Bahaushe ne, a kasuwa da dala yake ciniki, amma da ya zauna gaban kwamfuta sai kansa ya koma lissafin Faransanci. Ku duba abin da wannan zai haifar. Mace ta yi zubi mako 40, dala hamsin-hamsin, haƙƙinta jikka goma ne, wato sefa 10,000. In an shigar da 50 kowane mako, na'ura za ta ce 2,000 gare ta. Na'ura kuma ba ta jin rantsuwa. Muka ce dole manhajar ta nuna duka biyu a fuska ɗaya, sefa da dala, ko kuwa ta nuna hoton kuɗin kansu, takardar jikka, takardar dala ɗari, ƙwandalar dala ashirin, mai shigarwa ta taɓa hoton. Wannan ya shiga takarda da jan biro.

Daga nan muka shiga dokokin da ba a rubuce suke ba, kuma a nan ne zama na biyu ya ƙare gaba ɗaya. A takardar dokar ƙungiyarmu an ce wadda ta makara ta biya tara, wadda ba ta zo ba ta biya tara. Saurayin ya ji daɗi, ya ce wannan mai sauƙi ne, na'ura za ta riƙa ɗora tarar da kanta. Sai wata dattijuwa cikinmu, wadda duk muke kira Inna, ta tambaye shi ko na'urar tasa ta san mai jego, ko ta san wadda ke zaman takaba, ko wadda ta kwana a likita da yaro. Mu ba mu taɓa cin tarar waɗannan ba, ba kuma a rubuce yake ko'ina ba, kowa dai ya sani. Haka lokacin shuka da noman farko, in ruwa ya sauka da dare, washegari ba mai zuwa taro, duk ana gona, zubin makon nan sai a haɗa da na gaba. Muka ce na'ura ta kawo shawarar tara in tana so, amma taro ne zai ce a ɗora ko a yafe, kuma a bar gurbin da za a nuna an yafe da dalilin yafewar.

Bashi ma haka. Mu in mace ta ɗauki jikka goma, bayan wata za ta mayar da jikka goma sha ɗaya. In ta kasa, ta biya jikka ɗayan nan ta sama, a ɗaga mata uwar kuɗin zuwa wata mai zuwa. In ma jikka ɗayan ta gagara, ana bin ta, amma ba a ɗora wani abu a kanta. Wata uku ke nan 13,000. Saurayin ya ce yadda ya saba gani, ana haɗa abin da ba a biya ba a kan uwar kuɗi a sake lissafi, sai ya zama 13,310. Bambancin dala sittin da biyu ne kacal, amma mai sai da ƙuli-ƙuli ta san zufar da ke cikin dala sittin da biyu. Ban da haka, ba duk ƙungiyoyi ke tafiya a kan hanya ɗaya ba. Akwai waɗanda suka bar ɗora komai a kan bashi saboda abin da malamai suka faɗa musu game da kuɗin ruwa, suka koma sayen hatsi da kaka su sayar da bazara, ko kiwon tumaki, ribar a raba. Manhajar da ta tilasta wa kowa hanya ɗaya za ta raba kan ƙungiyoyi. Kowace ƙungiya ta iya saka dokarta, kuma in taro ya canza doka a farkon sabon zagaye, a iya canzawa ba sai an kira wani daga Yamai ba.

Akwai mai hannu biyu, tana zuba ninki, rabonta ninki. Akwai mata biyu da suka haɗa hannu ɗaya. Akwai asusun taimako, na haihuwa da rasuwa da gobara, wanda ba ya shiga rabo kuma ba bashi ba ne. Akwai wadda ke biyan bashinta da tiyar hatsi in kuɗi sun yi wuya, a yi masa kuɗi da farashin kasuwar makon. Akwai abin da muke yi in mamba ta rasu da bashi a kanta: a cire daga zubinta, in ya rage a duba halin marayu, sau da yawa asusun taimako ke rufewa. Duk waɗannan sai da muka faɗe su ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa yana girgiza kai. Sunaye ma sai da aka tsaya a kansu. Masu suna ɗaya sun kai huɗu a ƙungiyarmu, a kaye da laƙabi muke bambanta su, wasu ma sunan da ke kan katin ɗan ƙasarsu ba wanda ya san su da shi a gari. Muka ce a sa laƙabi, a sa lamba, wadda ta yarda a sa hotonta.

To sai makullai. Hikimar akwatin nan ita ce mutum ɗaya ba ya buɗe shi. Mai ajiye akwati ba ta da makulli, masu makulli uku ba su da akwati. In lissafi ya koma salula guda a hannun mace guda mai lambar sirri guda, mun rushe abin da aka gina tun 1991. Ba zargin kowa muke ba, amma wadda ke riƙe da salular tana da miji, tana da ɗa saurayi mai son taɓe-taɓe, tana kuma iya shiga matsi kamar kowa. Sharaɗinmu shi ne kada a iya buɗe zaman lissafi sai mata uku sun sa lambobinsu, kowace tata, kuma in an rufe zaman ranar, ya rufu. In an yi kuskure fa? A kaye in marubuciya ta yi kuskure tana jan layi a kai ta rubuta daidai a gefe, kowa na ganin tsohon da sabon. Muka ce haka muke so: kada a iya goge komai ya ɓace, gyara ya zauna kusa da kuskure, da ranar da aka yi shi da sunan waɗanda suka yarda. Saurayin ya ce wannan masu banki ma haka suke yi. Inna ta ce masa, to ɗana, ashe masu banki sun yi wayo.

Ƙirga da ƙarfi ma ba za mu bari ba. Salula ƙarama ce, mutum biyu ko uku ke iya leƙa ta, sauran ashirin da wani abu sai dai a gaya musu. Mun roƙi a sa mata murya, in an gama ta faɗi jimillar da Hausa kowa ya ji, da Barbarci ma in zai yiwu, don akwai ƙungiyoyi a yankin nan da shi ne harshen taronsu. In muryar ba ta samu ba, to doka ce a wajenmu: masu ƙirga su ƙirga kuɗin a faifai, marubuciya ta karanta abin da salula ta ce, in sun yi daidai a rufe akwati, in ba su yi ba ba mai tashi.

Maganar rezo ba ta ɗau lokaci ba, kowa ya san halin da ake ciki. Wani ƙauyen sai an hau tudu. Dole manhajar ta yi aikinta duka ba rezo, ta ajiye, ranar da salular ta je inda akwai shi ta tura. Caji kuma a lissafa shi cikin kuɗin tafiyar da ƙungiya, ko a haɗo da ƙaramin faifan sola.

Inda muka yi gardama tsakaninmu shi ne saƙo. An ce mana bayan kowane zama, kowace mamba za ta iya samun saƙo a salularta: kin zuba kaza, ana bin ki kaza, kin tara kaza. Matasan cikinmu suka ce wannan shi ne daɗin abin, shaida ce a hannunki. Manya suka yi shiru, sannan ɗaya ta ce salular gidansu ta maigida ce. Wata ta ce layin da take riƙe da shi da katin ɗanta aka yi rajistarsa, shi kuma yana Libiya. Gaskiyar da ba a cika faɗa a taro ba ita ce, mata da yawa asusun nan shi ne kaɗai abin da suka mallaka ba da sanin adadinsa ga kowa ba. Akwai mazan kirki da ko sun gani ba ruwansu. Akwai kuma wanda in ya ga jikka talatin a rubuce, ranar zai tuna da bashin da ake bin sa. Kishiya ma tana iya karanta saƙo. Muka tsaya a kan cewa ba za a tura wa kowa saƙo ba sai wadda ta ce a tura mata, da bakinta, a gaban taro, kuma tana iya cewa a daina duk ranar da ta so.

Wannan ya kai mu ga tambayar da jami'ar porjen ba ta zata ba: in lissafin ya hau intanet, wa ke ganinsa? Su a ofis suna son gani don rahotonsu, mun gane. Amma jimillar ƙungiya daban, sunan wadda ta kasa biyan bashi daban. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita, HAPDP, a Yamai. Ba alfarma muke nema ba ke nan in muka ce a gaya mana inda za a ajiye sunayenmu, wa zai gani, kuma kada a ba wani kamfanin bashi ko na talla lambobinmu. Muka ce ofis ya ga jimilla, sunaye su tsaya a ƙungiya.

Sai ranar rabuwa, wadda ba a son zancenta ranar ɗaurin aure. Porje yana da wa'adi, duk mun ga wasu sun zo sun tafi. Kamfanoni ma suna canza hannu: waɗanda ke da layin Orange sun ga yadda aka sayar da shi a 2019 ya koma Zamani. In porjen nan ya tashi, wa zai biya kuɗin intanet da na ajiyar bayanan? Nawa ne a shekara, a faɗa mana da sefa tun yanzu, mu ga ko akwatinmu zai iya. In salular ta faɗa rijiya ko aka sace ta, kwana nawa kafin lissafi ya dawo a wata, kuma wa za mu kira, yana jin Hausa? In mun ce mun fasa, za a ba mu lissafinmu duka a takarda mu koma kaye? Mun ce a kowane ƙarshen wata uku a buga mana shi a takarda ko da a Gure ne, a sa a akwati tare da kuɗi. Wasu daga cikin tambayoyin nan ba a ba mu amsarsu nan take ba, jami'ar ta ce sai ta kai sama. Mun ce muna jira, kuma ba za a ɗauki sunan kowa ba kafin amsar ta zo a rubuce.

Yadda za a yi ƙaurar kanta, shawararmu ɗaya ce. Kada a kwashe tsohon kaye a zuba a salula a tsakiyar zagaye, da basussuka a waje da gyare-gyaren da marubuciya kaɗai ta san ma'anarsu. A bari a yi rabo, akwati ya koma fanko, kowa ta karɓi nata, sannan a buɗe sabon zagaye a salula daga sifiri. Abin da zai tsallaka kawai shi ne sunaye, dokoki, ragowar asusun taimako, da bashin da taro ya yarda a ɗaga, kowanne a karanta shi a gaban mai shi ta amsa. Tsofaffin kayen kuma ba za a yar ba. Zagayen farko gaba ɗaya za a tafi da biyu, kaye da salula, aiki ninki ne ga marubuciya, mun sani, mun kuma yarda a ba ta ɗan abin sabulu daga kuɗin tara. Ranar rabo a yi lissafi ta hanya biyu. In sun haɗu, sai mu yi maganar ajiye kaye. Koyon kuma ba mace ɗaya za a koya wa ba, aƙalla uku, cikinsu har da wadda ba ta yi lakwal ba, domin in ita ta iya, to abin ya yi daidai da mu.

Takardar da ta fito daga zaman nan shafi biyu ce da rabi. An karanta mana ita da Hausa daga farko har ƙarshe, muka gyara wuri uku, shugaba da masu makullai suka dangwala hannu, muka riƙe kwafi ɗaya a akwati. Ƙungiyar da ke son gani kafin nata baƙin su iso, ta aiko marubuciyarta ranar taronmu ta kwafa, ta zo da kayenta da biro.